Tambayoyin sabon mai waya kan tsimin batir

Me ya fi shan caji a waya?

Fuskar wayar ce. Janyo ta daga sama ka rage sandar haske zuwa kamar kashi 40 idan kana ɗaki, sannan ka shiga saiti ka sa ta riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30. Idan fuskar tana sabunta hoto sau 90 ko 120 a daƙiƙa, mayar da ita 60. Ga mai WhatsApp da kira, bambancin ba ya damunsa.

To mayar da fuska baƙa fa?

Yana taimakawa idan fuskar AMOLED ce, wato irin wadda kowane ɗigonta ke ba da nasa hasken, domin duk ɗigon da ya zama baƙi a kashe yake. Fuskar LCD, wadda ita ce a yawancin wayoyi masu araha, fitilarta ta baya na kunne ko baƙa ce ko fara, don haka babu riba.

Me saitin tsimin batir yake yi?

Yana cikin saiti, ƙarƙashin sashen batir. Da ka kunna shi, wayar za ta taka wa manhajojin da ke aiki a ɓoye birki, ta rage haske da gudu. A Samsung ana iya tsayar da gudun a kashi 70. IPhone kuwa da kanta take tambayarka ko za ka kunna shi idan caji ya sauko kashi 20, alamar batir ta koma ruwan ɗorawa, saitin ya kashe kansa idan caji ya kai 80. Shawararmu: ranar da ka san babu wuta, kunna shi tun da safe, kada ka jira sai batir ya yi ja.

Aibinsa ɗaya ne, saƙon imel ko sanarwar wata manhaja na iya makara. Kira dai yana shigowa yadda ya saba.

Ban taɓa wayar ba, amma caji ya zube. Me ya sa?

Duba sabis. Inda yake da rauni, wayar na ƙara ƙarfi tana laluben eriya, ga layi biyu kowanne na nasa neman. A doguwar tafiya ko ƙauyen da babu sabis, sa ta a yanayin jirgi, ko ka kashe layin da ba ya kamawa. Sannan duba jerin da ke sashen batir, zai nuna maka manhajar da ta fi ci. Hana ta aiki a ɓoye.

Yawan rufe manhajoji yana ceton caji?

A'a. Sake buɗe su daga farko ya fi cin wuta. Manhajojin da ke alƙawarin sanyaya batir ma cire su, talla suke lodawa.

Me ke kashe batir da wuri?

Zafi. Apple ya ce zafin da ya haura digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada, ga shi a Sakkwato ko Maiduguri bazara na wuce 40. Kada ka bar waya a gaban mota ko ƙarƙashin matashi tana caji, kuma cire mata riga idan ta ɗau zafi. Batirin litiyom, irin na waya, ya fi daɗewa idan cajinsa na tsakanin kashi 20 da 80, shi ya sa sababbin wayoyi da dama ke da saitin tsayar da caji a 80. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi kuwa, daina cajinsa ka kai wa mai gyara a ranar.