Rod A. Martin

Rod A. Martin masanin halayyar ɗan Adam ne daga ƙasar Kanada, wanda ya yi suna a nazarin raha da barkwanci. Ya koyar a Jami'ar Western Ontario har ya yi ritaya wajen shekarar 2016.

Farkon aiki

Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Waterloo a ƙarƙashin Herbert Lefcourt. Abin da suka sa a gaba shi ne gano ko mai yawan raha ya fi jure wa ƙuncin rayuwa. Sun buga sakamakon farko a 1983, suka biyo shi da littafi a 1986.

Salon raha huɗu

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa ya fito a 2003, lokacin da shi da abokan aikinsa suka fitar da takardar tambayoyi mai suna Humor Styles Questionnaire. Jimloli 32 ne a ciki, mai amsawa yana nuna yadda kowace ta dace da halinsa. Kafin nan, yawancin ma'aunai sun ɗauka raha duk alheri ce. Martin ya ce ba haka ba ne, ya kasa ta gida huɗu. Akwai wadda ke ƙulla zumunci, da wadda mutum ke faranta wa kansa rai da ita in abu ya yi tsanani. Sauran biyun na iya cutarwa: ba'a da izgili ga wasu, sai kuma mutum ya riƙa ƙasƙantar da kansa don a yi dariya a karɓe shi. Bincike da dama sun danganta wannan ta ƙarshen da damuwa da raina kai. Wannan rarrabewa gyara ce babba, domin ta sa masana suka koma duba irin maganar da aka yi da wanda aka yi wa ita, ba yawan dariya kawai ba.

Harshe da al'ada

An fassara takardar zuwa harsuna da yawa, ciki har da Sinanci da Larabci. A wasu fassarorin, sashen ba'a bai auna abin da ake nufi daidai kamar yadda ya yi a Kanada ba. Bahaushen Gusau ko Argungu ba zai yi mamaki ba. Kaka tana ce wa jikanta "mijina ragon banza", taubasai suna yi wa juna tsiya a gidan biki, Bafulatani da Babarbare suna jayayyar wane ne bawan wani. A kunnen baƙo zagi ne, alhali a wurin masu shi zumunci ne, wanda ma ya yi fushi shi ake ganin laifinsa. Dangantakar masu magana ce ke fayyace ma'anar kalaman, kuma jimla guda a takarda ba ta iya kama wannan.

Raha da lafiya

A 2001 ya bi diddigin binciken da ke cewa dariya magani ce ga jiki, ya nuna hujjojin ba su da ƙarfi.

Littafi

Littafinsa The Psychology of Humor ya fito a 2007, aka sake buga shi a 2018 tare da Thomas Ford.