Me ake nufi da "shirin ko-ta-kwana" a maganar ambaliya?

Duk shekara kafin damina ta kankama, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen yanayi, hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, kuma ta biyo da jerin jihohin da ake fargabar ambaliya. Daga nan sai ka ji gidajen rediyon Kano na cewa hukumomin agajin gaggawa na ƙasa da na jiha, NEMA da SEMA, sun shiga shirin ko-ta-kwana. Da yawa sun ɗauka zance ne na jami'ai da motocin agaji kawai. Abin da ake nufi shi ne tanadin da ake yi tun ruwa bai iso ba: a san ta inda zai biyo, a san tudun da za a gudu, sannan a san kwana nawa gida zai iya ci da kansa idan hanya ta yanke.

Na ƙarshen nan ne mai wuya, kuma mutanen bakin teku sun fi kowa saninsa. A ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, ruwa ya shanye titin East-West, Bayelsa ta koma kamar tsibiri, ba mota daga Delta, ba mota daga Ribas. Jiha ce mai kifi da rogo da agade, a ido ka ce ba ta buƙatar abincin kowa. To amma rogo ba ya jure kwanciyar ruwa, 'yan kwanaki ya ruɓe a ƙasa. Shi ya sa manoman can kan yi hanzarin tone shi ko bai ƙosa ba, su mai da shi garin kwaki. Ruwan sha ma abin nema ne, domin ambaliya na haɗe rijiya da masai, a garuruwan da ke daf da teku kuma gishiri ya kan shiga. Saboda haka ko-ta-kwanansu kwalekwale ne, da gida bisa turaku, da tankin tarar ruwan sama, da bandar kifi.

Mu nan hatsinmu ya fi nasu haƙuri. Gero da dawa sai su shekara a rumbu. Sai dai gida nawa ne a cikin birni ke da rumbu yanzu? Yawancinmu awon kullum muke yi, kuma kasuwar da muke dogaro da ita tana ɗaure da hanyar Kudu. A waccan shekarar ta 2022 ruwa ya rufe titi a Koton Karfe kusa da Lokoja, tireloli suka yi kwanaki a jere, kayan gwari suka lalace a kan hanya, tankokin mai suka kasa wucewa.

A ganina magidanci a Dala ko Gwale ya fara da yashe kwata da yaɓen katangar ƙasa kafin Agusta, ya ƙulle takardun gida a leda ya ɗora sama, in da hali ya ajiye 'yan kwanonin hatsi da jarkar ruwa mai murfi.