Waiwaye: Yadda Masaƙun Kakuri Suka Tashi, da Yadda Suka Yi Shiru

Wanda ya tsallaka kogin Kaduna ya nufi kudu, ya ratsa Kakuri, zai ga dogayen katangu, manyan ƙyamare a garƙame, da rufin kwano da tsatsa ta ci. A bayan katangun nan aka yi shekaru kusan hamsin ana saƙa tufar da Arewa da maƙwabtanta suke ɗaurawa. Idan aka tambayi abin da ya kashe masaƙun, amsar da ke bakin kowa ita ce fasa-ƙwauri. Gaskiya ne, amma fasa-ƙwaurin ya tarar da mara lafiya ne a kwance.

Tun farkon mulkin Turawa audugar Zariya, Funtuwa, Malumfashi da Gusau take fita. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, wato BCGA, wadda aka kafa a 1902, ta gina injinan gurza a yankin, jirgin ƙasa ya kwashe audugar zuwa bakin teku, masaƙun Ingila su saƙa, a dawo mana da ita a matsayin yadi. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta ƙudura cewa a riƙa saƙa ta a gida. Kaduna ta cika sharuɗɗan: ita ce hedikwata tun 1917, mahaɗar layin dogo ce, kogi ya ratsa ta, ga gonakin auduga a kusa. A 1957 Kaduna Textiles, wato KTL, ta fara aiki, haɗin guiwar gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Da akoko ta fara. Nortex ta biyo baya, sai United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta iyalan Cha na Hong Kong a 1964, sai Arewa Textiles da jarin Japanawa, daga baya Finetex da Supertex da sauransu. UNTL ta bunƙasa har ta yi rassa a Funtuwa da Gusau da Ikorodu.

Ba masaƙu kaɗai ba ne a Kakuri, akwai masana'antar makamai ta DICON, akwai kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya buɗe a 1975. Amma masaƙa ce ta tsara wa unguwar lokacinta. Aiki karɓa-karɓa ne sau uku a yini, awa takwas-takwas, inji ba ya hutawa. Da an canji aiki titi ya cika da kekuna, masu tuwo da masu shayi sun san daidai lokacin da za su sauke tukunya. Masu gidajen haya a Makera da Nasarawa da albashin ƙarshen wata suka yi gini. Ma'aikata sun zo daga Binuwai, Filato, Kudancin Kaduna, Katsina, Borno da Kudu, Musulmi da Kirista a layin inji ɗaya, ana Hausa ana Turancin buroka. UNTL har kulob ɗin ƙwallo take da shi. A nan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, da aka kafa a 1978, ta ajiye hedikwatarta, kuma daga Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya fito, ya zama babban sakataren ƙungiyar, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, daga 1999 zuwa 2007, ya yi gwamnan Edo.

Sai an san yadda ake aikin kafin a gane inda ya karye. A injin gurza ake raba auduga da angurya. Kilo 100 na abin da manomi ya kawo bai cika ba da fiye da kilo 35 zuwa 40 na tsantsar auduga ba. A masaƙa a warware ta, a share datti, a taje, a ja ta ta zama abawa, a kaɗa zare. Ɗakin kaɗi yana buƙatar laima a iska, shi ya sa ake fesa raɓar ruwa, domin a bushewar hunturu zare tsinkewa yake yi ba ƙaƙƙautawa. Zaren tsaye ana ratsa shi ta cikin sitati mai zafi a busar, don ya jure gogayya a kan injin saƙa. Bayan saƙa sai wanki, fararrawa, rini, buga zane, busarwa, sannan a yanka turmi-turmi, yadi shida. Kusan kowane mataki daga sitati zuwa ƙarshe da tururi yake tafiya, tururin kuwa daga manyan tukwane ne masu cin baƙin mai. Ashe abubuwa huɗu ne ba a wasa da su: auduga mai tsabta, wuta mara yankewa, baƙin mai, da kayan gyara da sinadaran rini daga waje.

Duka huɗun sun taɓu cikin 'yan shekaru. A 1986 tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, daga kusan kunnen doki da dala zuwa wajen naira 4, farashin sinadarai da kayan gyara ya ninka. Masaƙun da ke amfani da tsofaffin injinan ƙoshiya sun kasa sayen na zamani marasa ƙoshiya, masu ninka su sauri. A shekarar dai aka rushe hukumar cinikin auduga. Tana da laifuffukanta, musamman danne wa manomi farashi, amma ita ke raba tsarkakakken iri, ita ke tantance daraja a kasuwa. Da ta tafi iri ya gauraye, nau'o'in Samcot da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar suka cakuɗe da juna, tsawon silin auduga ya daina zama ɗaya. Wasu suka shiga yayyafa ruwa ko zuba yashi don ƙarin nauyi. Mafi muni shi ne zuba auduga a buhun roba. Silin buhun yana shiga cikin zare, ido ba ya ganinsa, kuma ba ya kama rini, sai an gama atamfa a ga farin layi ya ratsa ta. Turmin ya tashi daga sahun farko ke nan.

Ɗauke wuta a masaƙa ya wuce zama cikin duhu. Idan NEPA ta ɗauke ana tsakar aiki, dubban zaruruwa suke tsinkewa, a ƙulla su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Yadin da ya tsaya cikin ruwan rini ya yi dabbare-dabbare, wanda ya tsaya a injin busarwa ya ƙone. Masaƙu suka koma janareta, kuɗin dizal ya hau kan kowane yadi. Matatar man Kaduna, da aka buɗe a 1980, wadda baƙin mai yake fitowa daga gare ta, ta shiga tsayawa-tsayawa, sai an yi dakonsa a tanka daga Kudu.

A wannan hali aka buɗe ƙofa. Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Gwamnatin Obasanjo ta sake hanawa, amma kaya suka ci gaba da sauka a Kwatano da Lome, su bi ta Nijar, su ɓulla a Kantin Kwari. Masaƙun Sin suna kwafe zanen da ya yi kasuwa cikin 'yan makonni, wani lokaci har da tambarin masaƙar gida a bakin turmi. Ba za a zargi uwar da ke haɗa wa 'yarta kayan aure ba don ta ɗauki mai sauƙi.

KTL ta rufe a 2002. Nortex, Finetex da Arewa suka bi ta a shekarun da suka biyo, UNTL ta tsaya a 2007. Wannan ya zo daidai da rikicin addini na 2000 da na 2002 a Kaduna, waɗanda suka raba mazauna gari gida biyu, kogi a tsakani. Wurin da ya fi haɗa ɓangarorin biyu kullum safiya shi ne ya rufe a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, kuma wannan asara ba ta shiga lissafin kowa ba. Tsofaffin ma'aikatan KTL, mallakar kamfanin NNDC na jihohin Arewa 19, sun shafe shekaru suna neman haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Ƙwararrun masu gyaran inji sun koma acaba da gadi.

An yi yunƙurin farfaɗowa. Asusun naira biliyan 100 da aka bayar ta Bankin Masana'antu ya sa UNTL ta sake buɗewa a ƙarshen 2010, ba da ƙarfinta na da ba. A 2018 aka amince da irin auduga na Bt mai jure tsutsa, a 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala a farashin gwamnati. Bashi yana sayen inji, amma ba ya kawo wuta, ba ya hana buhun roba shiga kasuwar auduga. Injin da ya yi shekara ashirin a tsaye kuwa, ƙarafunansa sun cije, an zare wayoyinsa, kamfanin da ya ƙera shi ma ya daina yin kayan gyaransa, don haka maganar a share ƙura a tayar ba ta taso ba. Abin da zai iya sauya lissafin tururi da wuta shi ne bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, muddin an ja reshensa har cikin Kakuri, kuma aka sayar wa masaƙa gas ɗin a farashin da turminta zai iya gogayya da na Kantin Kwari.