Koyar da Tsarin Abinci ga Manya Masu Ciwon Sukari

Koyar da tsarin abinci wani sashe ne na jinyar ciwon sukari, inda ake nuna wa baligi abin da zai ci, da yawansa, da lokacinsa, domin abincin ya dace da maganin da yake sha ko allurar insulin da yake yi. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya, wato IDF, ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da cutar, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka. Ginshiƙin darasin ɗaya ne a ko'ina: abinci mai sitaci da sukari shi ne ya fi ɗaga sukarin jini. Abin da ke sauyawa shi ne mai koyarwa, da lokacin da yake da shi, da halin da majinyaci yake ciki.

A gadon asibiti

Wanda aka kwantar yana fama da ciwo da fargaba, ba zai riƙe dogon bayani ba. Shi ya sa ake taƙaita masa kan abin da zai tsare ransa bayan sallama: kada ya tsallake abinci bayan ya yi allura, kuma ya san alamun faɗuwar sukari, irin su rawar jiki, gumi da jiri. Idan awon sukarin jini ya sauka ƙasa da 70 mg/dL (ma'aunin yawan sukari a jini), ya sha sukari kimanin giram 15, ya sake awo bayan minti 15. A inda dangi ne ke kai abinci a kula, dole mai dafawar ta ji wannan bayani da kunnenta.

Karatun rukuni

A Ingila akwai shirin DAFNE na masu ciwon sukari nau'i na ɗaya (waɗanda jikinsu ba ya samar da insulin), wanda aka ɗauko salonsa daga birnin Düsseldorf na Jamus. Kwana biyar ake yi ana koyon ƙididdige sitacin da ke cikin abinci da daidaita insulin da shi. Masu nau'i na biyu kuma (waɗanda jikinsu ba ya amfani da insulin yadda ya kamata) suna da shirin DESMOND, na kimanin awa shida. A Amurka, inshorar Medicare tana biyan awa uku na ganin ƙwararren abinci a shekarar farko, sai awa biyu a kowace shekara bayan nan. Irin wannan tsari yana buƙatar iya karatu, na'urar awo a gida da ƙwararrun ma'aikata.

Ƙananan asibitoci

Nan ne yawancin majinyata suke zuwa, nan ne kuma ƙwararren abinci ya fi wuyar samu. Nas ko ma'aikacin lafiyar al'umma ne ke koyarwa cikin 'yan mintoci, layi na jira a waje. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta faranti: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu nama, kifi, ƙwai ko wake, sauran kashin kuma abinci mai sitaci. Sai dai an tsara ta ne don mutumin da ke cin abinci shi kaɗai a farantinsa. A gidan da ake haɗa hannu a kwano ɗaya, ya fi amfani a ce a ɗebar masa nasa daban, a auna malmalar tuwo da girman dunƙulen hannunsa, a yawaita miyar kuka, kuɓewa ko zogale, a rage mai.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne miƙa wa majinyaci jerin haramci: ban da shinkafa, ban da tuwon masara, sai acca da alkama. Mutum ya koma gida ya cika ciki da tuwon alkama yana ganin magani ne, alhali ita ma sitaci ce, kuma ta fi tsada. Zuma ma tana ɗaga sukari. Rage lemon kwalba da sukarin da ake zubawa a shayi, kunu, fura da zoɓo ya fi sauƙin ɗorewa a kan canza hatsin da gida ya saba da shi.

Azumin Ramadan

Binciken EPIDIAR, wanda aka wallafa a 2004 daga ƙasashe 13, ya nuna kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu da kashi 43 na masu nau'i na ɗaya sun yi azumin aƙalla kwana 15. Hani kawai ba ya tsayar da mutane, don haka IDF da DAR, ƙungiyar da ke aiki kan ciwon sukari da Ramadan, suka fitar da ƙa'idoji a 2016, aka sabunta su a 2021. Ana so a ga likita makonni shida zuwa takwas kafin watan, a jinkirta sahur, a sassauta kayan zaƙi da soye-soye a buɗa baki, a kuma karya azumi idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Ana kuma bayyana wa majinyaci cewa tsira yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma mutane sun fi karɓar wannan magana idan limami ko malamin unguwa ya maimaita ta.