Daga Harafi Ɗaya Zuwa Sikila: Yadda Gado Ke Aiki a Jikin Ɗan Adam

A Zariya da kewaye, da an haifi yaro mai wata lalura, sai zargi ya fara yawo a cikin gida. Wasu su ce uwar ta fita da almuru tana da ciki, wasu su ce a danginta abin yake. Mu ma'aikatan lafiya muna so iyaye su san ainihin inda irin waɗannan lalurori ke farawa, domin sanin hakan yana rage faɗa a gida, yana kuma sa a kai yaro asibiti da wuri.

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai dogon zare da ake kira DNA, an nannaɗe shi tam kamar zaren masaƙi a ƙwarƙwaro. Kowane naɗi shi ne kuromosom. Mutum yana da guda 46, wato tagwaye 23: rabi daga ƙwan uwa, rabi daga maniyyin uba. A jikin zaren akwai rubutu da haruffa huɗu kacal, A, T, C da G, kuma kowane yanki mai ɗauke da umarni guda shi ne ƙwayar gado. Waɗanda ke ba da umarnin haɗa furotin sun kai kusan 20,000.

Furotin shi ne ma'aikacin jiki. Himogulobin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini furotin ne, haka insulin mai daidaita sukari. Ga yadda ake haɗa shi. Asalin rubutun ba ya barin ɗakinsa a tsakiyar ƙwaya, sai dai a kwafi yankin da ake buƙata a wani ɗan gajeren zare mai suna RNA, a fito da kwafin zuwa wata 'yar masana'anta da ake kira ribosom. Can ake karanta haruffan uku-uku. Kowane uku na nuna dutse guda daga cikin duwatsu iri 20 da ake kira amino asid, ana jera su kamar mai shirya carbi. Idan jerin ya cika sai ya lanƙwashe ya ɗauki siffarsa, kuma siffar ce ke sa ya iya aikinsa.

Sikila, wato amosanin jini, daga nan take. A kan kuromosom na 11, a ƙwayar gadon da ke ba da umarnin haɗa wani sashe na himogulobin, inda ya kamata a rubuta GAG sai aka sami GTG. Harafi ɗaya! Wannan ya canja dutse na 6 cikin 146. Himogulobin ɗin da aka haɗa a haka, da zarar ya sauke iskar da ya ɗauko sai ya manne da 'yan uwansa ya sandare, ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya na yin kwana 120, mai lauje kuwa 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke yawan ƙaranci, idanu su yi ɗorawa. Laujen kuma na toshe ƙananan jijiyoyi, a sami ciwon ƙashi mai tsanani, musamman da sanyin hunturu, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin shan ruwa. Jariri yakan yi watanni biyar ko shida lafiya lau saboda jinin da ya zo da shi daga ciki, sannan a ga hannaye da ƙafafu sun kumbura yana ta kuka.

Ƙwayar gado mai wannan kuskure ita ake kira S, lafiyayya kuma A. Yaro ba ya zama SS, wato mai sikila, sai ya karɓi S daga uwa, ya karɓi S daga uba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki na da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS. A lura da kyau, kowane ciki lissafinsa daban, don haka ana iya samun uku a jere. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S ba tare da wani ciwo ba. Saboda haka a yi gwajin jinotayif, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum AA ne ko AS ko SS, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba ta da wuya. A yi shi a ɗakin gwaji mai inganci, a maimaita a wani wuri don tabbatarwa, kada kuma a yi shi cikin wata uku bayan ƙarin jini, domin jinin da aka ƙara yana rikita sakamako.

Akwai wata matsalar da wannan gwaji ba ya ganowa, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa. Wani lokaci rubutun daidai yake, ƙidayar kuromosom ce ta kuskure. Yayin da ƙwai ko maniyyi ke samuwa, tagwayen nan 23 sukan rabu, kowa ya tafi ɓangarensa. Idan tagwaye na 21 suka ƙi rabuwa, jaririn zai tashi da uku maimakon biyu, jimilla 47. Wannan ita ce lalurar Down, wadda wasu ke haɗawa cikin abin da ake kira galahanga. A shekarar 1959 masana a Faransa suka gano dalilinta. Ƙarin kwafin na sa a haɗa wasu furotin fiye da kima, kamar miyar da aka zuba wa gishiri sau biyu. Miji da mata masu AA suna iya haifar irin wannan yaro. Haɗarin na ƙaruwa da shekarun uwa, ya kai kusan ɗaya cikin 100 a shekara 40, amma matasa ma suna haifa. Ba abin da uwa ta ci ne ko inda ta taka ya jawo ba.

Alamomin su ne jiki saɓa-saɓa, rashin ƙarfin tsotson nono, idanu masu ɗan karkata sama, da layi guda da ya ratsa tafin hannu. Kusan rabin waɗannan jarirai na zuwa da matsalar zuciya, don haka a nemi hoton zuciya a makonnin farko, a auna sinadarin maƙoshi na tayirod, a duba ji da gani. Yaran nan suna tafiya, suna magana, suna koyon karatu da sana'a gwargwadon hali, in an fara gashin ƙashi da koyarwa da wuri. Ɓoye su a ƙuryar ɗaki zalunci ne. A fara da asibiti mafi kusa, su tura ku sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Tagwaye na 23 su ke raba mace da namiji: mace XX, namiji XY. Ƙwan uwa kullum X ne, maniyyin uba ne ke kawo X ko Y, saboda haka mai yi wa matarsa gorin haihuwar 'ya'ya mata bai san daga inda abin yake ba. Yarinyar da ta zo da X ɗaya tak takan kasance gajeruwa, ta wuce shekara 15 ba ta fara al'ada ba. Namiji mai XXY kuwa sau da yawa ba ya sanin komai sai an yi aure haihuwa ta ƙi zuwa. Kusan rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko ma kuskuren ƙidayar kuromosom ne. Idan ɓari ya maimaitu sau biyu ko uku, miji da mata su je wurin likitan mata tare, domin gwajin na su biyun ne.