Daƙiƙa 36 a awa: yadda dokar Turai ta raba zangon rediyo tsakanin na'urori

A Turai, zangon rediyo na megahaz 868 ba ya buƙatar lasisi. Mitar ruwa, na'urar auna zafi a rumbun ajiya, ƙararrawar ƙofa, kowacce na iya aika saƙo ta nan. Sharaɗin yana cikin ƙa'idar EN 300 220 ta ETSI, hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai: tsakanin megahaz 868.0 da 868.6, na'ura ba za ta wuce ƙarfin miliwat 25 ba, kuma ba za ta riƙe iska fiye da kashi 1 cikin 100 na lokaci ba. Wato daƙiƙa 36 a awa, sauran lokacin shiru.

Lissafin yana ciwo idan aka zo kan LoRaWAN, tsarin da ƙananan na'urori ke aika gajerun saƙonni da shi ta rediyo zuwa nesa. Na'urar da ke kusa da tashar karɓa takan gama ɗan gajeren saƙo cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wadda ke nesa kuwa sai ta rage gudu don a ji ta, saƙon nan ɗaya ya ci daƙiƙa ɗaya da rabi. Kafin ta sake buɗe baki a wannan yanki, sai ta jira kusan ninki 99 na hakan, minti biyu da rabi ke nan.

Abin da masu girka na'urori ke yawan mantawa shi ne, dokar ta hau kan tashar karɓa ita ma. In an saita na'urori dubu kowacce tana neman a tabbatar mata saƙonta ya isa, kason tashar ya ƙare tun awa ba ta yi nisa ba. Na'urorin su ji shiru, su maimaita, cunkoso ya ƙaru. Shi ya sa akan tura amsoshi ta megahaz 869.525, inda aka yarda da kashi 10 cikin 100 na lokaci da ƙarfin miliwat 500.

Dokar kuma kowace na'ura take aunawa ita kaɗai, ba ta ƙidaya taron. Dubbai na iya bin ƙa'ida sarai, saƙonninsu kuma su yi ta karo da juna. Maganin yana hannun injiniya: a taƙaita saƙo, a ƙara tashoshi don na'urori su yi sauri, a warwatsa lokacin aikawa kada duka su farka da ƙarfe goma sha biyu daidai.

Amurka ta bi wata hanya. A zangon megahaz 902 zuwa 928, FCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, ta sa na'urar da ke tsalle tsakanin mitocin rediyo kada ta daɗe a ɗaya fiye da daƙiƙa 0.4.