Tara Tsofaffin Katunan Wasiƙa Masu Hoton Duwatsu

Katin wasiƙa takarda ce mai kauri da ake aikawa ta gidan waya ba tare da ambulan ba, hoto a fuska ɗaya, adireshi da kan sarki a ɗaya fuskar. Daga cikin masu sha'awar tara tsofaffinsa akwai waɗanda suka keɓe kansu ga hotunan duwatsu da tsaunuka kaɗai, musamman katunan da aka buga daga wajen 1895 zuwa tsakiyar ƙarni na 20.

Asali

Daular Ostiriya da Hungari ce ta fara fitar da katin wasiƙa na hukuma ranar 1 ga Oktoba, 1869, kuma ba shi da hoto. Hoton ya biyo baya ne a hankali. Ingila ta ba 'yan kasuwa izinin buga nasu a 1894, Japan kuwa a 1900. A lokacin ne yawon buɗe ido ya bunƙasa a tsaunukan Alps na Turai: jirgin ƙasa ya fara hawa dutsen Rigi na ƙasar Switzerland a 1871, wani layin kuma ya kai tashar Jungfraujoch mai tsayin mita 3,454 a 1912. Wanda ya sha wahalar hawa yana son 'yan gida su shaida, sai ya sayi kati ya aika. Wani kamfanin ɗab'i na birnin Zurich ya ƙago dabarar Photochrom, inda ake ɗora launuka a kan hoto baƙi da fari ta hanyar bugawa da faifan dutse, kowane launi da faifansa. Shuɗin sama da jan hantsin da ake gani a katunan dutsen Matterhorn na wancan zamani aikin ma'aikacin maɗaba'a ne, kyamara ba ta ɗauko su ba.

Yadda ake gane shekarun kati

Sabon shiga hoto yake kallo, wanda ya jima a harkar kuwa juya katin yake yi. Da farko bayan kati na adireshi ne kawai, mai saƙo sai ya cusa 'yan kalmominsa a gefen hoton. Layin da ya raba bayan kati biyu, gefe ɗaya na saƙo, ɗaya na adireshi, ya fara a Ingila a 1902, Faransa ta bi a 1904, Jamus a 1905, Amurka a 1907. Saboda haka katin da bayansa ba shi da wannan layi galibi ya girmi waɗannan shekaru. Girma ma shaida ne, domin tsofaffin kan kai santimita 9 da 14, na baya-bayan nan sun fi faɗi. Sai hatimin gidan waya, wanda ke nuna ranar aikawa kaɗai; kati kan yi shekaru a kanti kafin a saye shi. Gilashin ƙara girma yana raba gardama: katin da aka buga a maɗaba'a yakan nuna ɗigo-ɗigo, wanda aka wanke a takardar hoto kuwa sumul yake.

Duwatsun da ake nema

Tsufa kaɗai ba ya sa kati tsada. An buga katunan Mont Blanc da Matterhorn na Alps da Fuji na Japan da yawan gaske, har yau suna nan jibge da araha. Na Afirka ne ke da wuyar samu. Kilimanjaro na Tanzaniya mai tsayin mita 5,895 ya fito a katunan Jamusawa lokacin da suke mulkin yankin, kuma katunan sun zama hujja, domin ƙanƙarar kansa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun 1912.

Ga mai tarawa a Najeriya, Dutsen Kamaru ya fi kowanne daɗin bibiya. Garin Buea da ke gindinsa ya zama hedikwatar mulkin Jamusawa a Kamaru a 1901, dutsen ya yi aman wuta a 1909 da 1922, sannan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yankin ya koma hannun Ingila, ana tafiyar da shi tare da Najeriya har 1960. Don haka dutse ɗaya ne, amma wani kati rubutunsa Jamusanci, wani kuma kan sarkin Najeriya ne manne a bayansa. Duwatsun cikin gida ba su samu irin wannan gata ba. Masu ɗaukar hoto na farko a Legas, irin su Neils Walwin Holm, sun fi mayar da hankali ga tituna da gine-gine da mutane, abin da baƙi ke saye ke nan. Katin Dutsen Dala ko na tsaunukan Jos idan ya faɗo hannu, ba a cika sakinsa ba.

Harkar a Legas

Legas ba ta da tsauni, amma ta bakin tekunta wasiƙun ƙasar suka daɗe suna fita, ga shi an buɗe gidan waya a garin tun 1852. Sai dai kati abu ne da aka yi don ya tafi, shi ya sa akasarin katunan Najeriya na zamanin mulkin mallaka suna Turai. Mai nema a Agege ko Obalende yakan sayo su ne ta shafukan gwanjo na intanet kamar eBay da Delcampe, ya biya da kuɗin waje, wani lokaci kuɗin aikowa ya fi na katin. Hausawa dillalan kayan tarihi, waɗanda suka daɗe da suna a wannan sana'a a kasuwar kayan hannu ta Lekki, sun fi sanin darajar tagulla da sassaƙa da tsofaffin kuɗi. Takarda ba ta cika shiga lissafinsu ba.

Adanawa

Babban abokin gabar kati a Legas danshi ne. Da damina fumfuna kan hau takarda, jajayen tabo su fito, katunan da aka wanke a takardar hoto su manne da juna. Ga gara da kyankyaso. Ana sa kowane kati a rigarsa ta roba marar sinadarin PVC, a jera su tsaye cikin akwati mai murfi tare da ƙunshin silika mai shan danshi, a ɗaga akwatin daga ƙasa, nesa da bango da hasken rana. Gam da salatif ba sa zuwa kusa. Masu kai kati shagon hoto a lulluɓe shi da leda mai zafi suna ganin gata suka yi masa, alhali ledar ba ta ɓantaruwa kuma, kuma dillalai ba sa sayen irinsa.